Wuraren Da Manzo Bulus Ya Taka

Karatu: Ayyukan Manzanni 18:1-11, 19:8-41, 20:7-12.

Kowace shekara mukan ga waɗansu daga cikin ekklesiyoyinmu sun ɗaura kaya za su ziyarar ibada. Tun shekara ta 2007, sa'anda aka kafa hukumar Kirista masu-ziyara ta Nijeriya bisa doka, hanyar nan ta ƙara faɗi. Galibi ƙasar Isra'ila ake zuwa, amma akwai waɗanda akan kai ƙasar Girka da birnin Roma, domin su ga wuraren da Manzo Bulus ya bi da bishara. Sa'anda suka komo mukan tarye su da waƙa, su kuwa su raba mana tsaraba, waɗansu har su ƙara haruffa biyu, JP, a bayan sunansu. Muna murna tare da su, gama wanda ya ga wuri da idonsa, karatunsa yakan ƙara haske.

Amma akwai abin da ke damunmu. A nan Kano masu-bi da yawa suna cin abincinsu a masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa. Mutum ya fita gida tun da asuba, ya yini a tsaye gaban inji, albashinsa kuwa ba ya kai shi ƙarshen wata. Ran Lahadi ya zauna a bencin baya yana jin labarin masu-ziyara, sai zuciyarsa ta raya masa shi kam bangaskiyarsa ba ta cika ba, tun da ba shi da halin tafiya. Wani kuma kunya ta sa shi ya ci bashi, ko ya sayar da ɗan filin da ya yi shekaru yana tara kuɗinsa, don kada a bar shi baya. Saboda irin waɗannan 'yan'uwa ne muke so mu bi wuraren nan tare, mu ga abin da mai-ziyara yakan tarar a can.

Tarsus, garin da aka haifi Bulus, yana cikin ƙasar Turkiya yanzu. Akan nuna wa baƙi wata tsohuwar rijiya a ce ta gidansu ce, amma maganar gargajiya ce kawai. A Dimashƙu titin nan da ake kira Miƙaƙƙe yana nan har wa yau, ana ciniki a gefensa. Antakiya, inda aka fara kiran almajirai Kirista, inda kuma aka ɗibiya wa Bulus da Barnaba hannu aka sallame su, girgizar ƙasa ta ran 6 ga Fabrairu 2023 ta rushe yawancin tsohon garin.

Filibi kango ne. Faransawa suka fara tono a can cikin 1914, suka buɗe dandalin gari da duwatsun babbar hanyar Romawa wadda Bulus da Sila suka taka. Akwai wani ɗakin dutse da akan ce shi ne kurkukunsu, ko da shi ke masana sun ce asalinsa ma'ajin ruwa ne. A bakin rafi, bayan gari kaɗan, an gina ɗakin baftisma da sunan Lidiya, macen nan mai-sayar da tufafin shunayya. Da Lidiya za ta zo Kano, ba mu shakka marinar Ƙofar Mata za ta fara tambaya. A Atina akwai wani dutse mai-santsi, Tudun Arasa, an kafa allon tagulla a gindinsa, da jawabin Bulus a rubuce da Helenanci. A tsibirin Malita akwai lungun teku da ake kira da sunansa, mutanen wurin kuma suna idin fashewar jirginsa kowace ran 10 ga Fabrairu. A Roma kuwa akwai babbar majami'a a bayan tsohuwar ganuwa, inda tun dā masu-bi suke cewa nan aka bizne shi. Gobara ta ci ta cikin 1823, aka sāke gina ta. Cikin 2006 aka ba da sanarwa an buɗe gefen akwatin dutsen da ke ƙarƙashin bagadinta, cikin 2009 kuma Paparoma Benedik na 16 ya ce an gwada gutsattsarin ƙasusuwan da ke ciki, an iske na mutumin ƙarni na ɗaya ne ko na biyu.

To, bari mu yi lissafi. Kurkukun Filibi dare ɗaya Bulus ya yi a ciki. Tudun Arasa jawabi ɗaya ya yi a kai. Amma Littafi ya ce ya zauna a Koranti shekara ɗaya da wata 6, a Afisa kuma shekara 3. Ina ya yi waɗannan kwanaki masu-yawa? Me yake yi da safe, ran Litinin da ran Talata, sa'anda ba a taruwa a majami'a?

Amsar tana cikin Ayyukan Manzanni 18. Da ya iso Koranti, wajen shekara ta 50, ba shi da gida, ba ekklesiyar da za ta sauke shi. Sai ya sami wani Bayahude, Akila, da matarsa Bilkisu. Su ma baƙi ne, gama Sarki Kalaudiyas ya kori Yahudawa daga Roma. Sana'arsu ɗaya da tasa, ɗinkin tanti, sai ya zauna wurinsu suna aiki tare. Waɗansu malamai sun ce da saƙar gashin akuya ta ƙasarsa, Kilikiya, yake aiki. Amma dattawan ekklesiya na dā, irin su Yohanna Kirisostom, sukan kira shi mai-yankan fata. Idan haka ne, da bakinmu sai mu ce Bulus baduku ne: wuƙa da basilla da zare su ne kayan aikinsa, ya ƙulle su cikin 'yar jaka ya shiga duniya.

Koranti garin ciniki ne. Romawa sun rushe shi cikin shekara ta 146 kafin haihuwar Kristi, ya zauna kango wajen shekara 100, sa'annan Yuliyas Kaisar ya sāke kafa shi cikin shekara ta 44 kafin haihuwar Kristi, ya zuba masa 'yantattun bayi. Yana da tashar jiragen ruwa biyu, ɗaya gabas ɗaya yamma, kaya da mutane na kowace ƙasa suna ratsawa. Amurkawa suka fara tono a can cikin 1896. Mai-ziyara na yau akan kai shi gaban wani dakali na dutse, a ce nan ne gwamna Galiyo ya zauna sa'anda aka kawo ƙarar Bulus. Galiyon nan an sami sunansa a rubuce jikin dutse a Delfi, rubutun ya nuna ya yi mulkin ƙasar wajen shekara ta 51 zuwa 52. Akan kuma nuna wani daɓen dutse da aka tono cikin 1929, mai-ɗauke da sunan Arastas, wani babban ma'aikacin gari wanda ya shimfiɗa daɓen da kuɗinsa. Da yawa suna tsammani shi ne ma'ajin garin nan da Bulus ya ambata cikin Romawa 16. Nan ne masu-ziyara sukan tsaya su yi waƙa, su ɗauki hoto.

Amma kewaye da kasuwar akwai jerin ƙananan shaguna na dutse, waɗansu zurfinsu bai wuce ƙafa 13 ba, haskensu daga ƙofa kaɗai yake shigowa. Mai-shago yakan yi ɗan bene na katako a sama ya kwana da iyalinsa, yaron aikinsa kuwa ya kwana ƙasa tare da kaya. Babu allo a jikin ko ɗaya da ya ce nan Bulus ya yi aiki, mutane sukan wuce su da sauri don mota tana jira. Ashe kuwa cikin irin wannan ɗaki ne manzon al'ummai ya yi yawancin kwanakinsa, a sunkuye, yana huda fata. Cikin irinsa ne kuma ekklesiya ta fara taruwa, gama wasiƙunsa sun ambaci ekklesiyar da ke gidan Akila da Bilkisu, a Afisa da kuma a Roma. Muna roƙon duk wanda Allah ya ba shi ikon zuwa, ya ce wa jagoransa ya tsaya da shi a ƙofar shagunan nan ko da minti 5 ne.

Ɗan'uwa mai-aikin masana'anta, kai da ba ka taɓa hawa jirgin sama ba, wannan labari ba baƙo ba ne gare ka. Kano ma garin ciniki ne tun kafin Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa Kasuwar Kurmi. Fatun akuyar ƙasar Hausa an daɗe ana ratsa hamada da su, har Turawa suna kiransu fatar Maroko don ta can suke isa wurinsu. Bajamushen nan Barth, da ya zo Kano cikin 1851, ya rubuta labarin tufafi da takalman da ake yi a nan ana kaiwa ƙasashe masu-nisa. Jirgin ƙasa ya iso cikin 1911, Sabon Gari ya tsiro, daga baya aka yanka Bompai don masana'antu, sa'annan Sharaɗa da Challawa suka biyo. Dubi layin da kake aiki: ga Bahaushe, ga Bayarabe, ga Ibo, ga mutumin Filato, ga na Tangale, ga na kudancin Kaduna, kowa neman abinci ya kawo shi. Haka Koranti take. Akila mutumin Fantas ne, Bulus na Tarsus, Afolos kuwa daga Iskandariya ta Masar ya fito.

Ku da ke aiki a majemun Challawa da Sharaɗa, mun san warin da ke binku har gida, mun san yadda waɗansu sukan matsa gefe idan kun shiga mota. Yahudawa ma sun raina jima, don majemi yana taɓa fatar matacciyar dabba kullum. Duk da haka Manzo Bitrus ya yi kwanaki da yawa a Yafa a gidan Saminu majemi, a kan soron gidan nan ne kuma Allah ya nuna masa wahayin da ya buɗe wa al'ummai ƙofa. Manyan Helenawa kuma suna ganin aikin hannu na bayi ne. Har cikin ekklesiyar Koranti an sami waɗanda suka ji kunya malaminsu yana ɗinki, sai da Bulus ya tambaye su cikin wasiƙarsa ta biyu, sura 11, ko laifi ya yi da ya ƙasƙantar da kansa ya yi musu wa'azi kyauta. Bai ɓoye sana'arsa ba. Ya tuna wa Tasalonikawa yadda ya yi aiki dare da rana don kada ya nawaita wa kowa. A Militas kuma, ran da yake bankwana da dattawan Afisa, hannuwansa ya nuna musu, ya ce su ne suka ciyar da shi da abokan tafiyarsa.

Sai dai kada mu yi wa maganar ƙari. Shagon Akila nasu ne, mai-ɗinki yana iya magana da wanda ya zo sayayya hannunsa bai tsaya ba. Masana'anta ta wani ce, lokacinka ya saya da kuɗinsa, ƙarar inji ma ba ta bari a ji juna. Wanda ya bar injinsa ya tafi yin wa'azi sata ya yi, ko da Littafi Mai-Tsarki ne a hannunsa. Shaidarka a wurin nan ita ce ka zo kan lokaci, kada a sami kayan kamfani cikin jakarka a bakin ƙofa, kada ka sa hannu a takardar ƙarya, ka kama wa na kusa da kai aiki ran da ba shi da lafiya. Sa'anda aka busa jiniya aka zauna cin abinci, idan wani ya tambaye ka dalilin halinka, to, ƙofa ta buɗe, sai ka amsa da ladabi.

Yanzu mu haye teku zuwa Afisa, kusa da garin da Turkawa suke kira Selcuk. A cikin dukan wuraren nan babu wanda ya kai shi cika ido: tituna na farin dutse, da babban dandalin wasa da aka sassaƙa a jikin tudu, mai-cin mutum wajen 25,000. Haikalin gunkiyar nan Artimas, wanda duniya ta dā take fahariya da shi, ya ɓace sarai cikin fadama, sai da wani Bature na Ingila, Wood, ya yi shekara 6 yana nema kafin ya same shi a ƙarshen 1869. Yau ginshiƙi ɗaya tak ke tsaye, shi ma harhaɗa shi aka yi, shamuwa tana sheƙa a kansa. Makarantar Tiranas kuwa, inda Bulus ya yi shekara 2 yana koyarwa kowace rana, ba a gano wurinta ba. Wani tsohon kwafin Ayyukan Manzanni ya ƙara da cewa daga ƙarfe 11 na safe ne zuwa ƙarfe 4 na yamma yake koyarwa, watau lokacin zafin rana, sa'anda mutanen gari suka rufe shaguna suka kwanta. Da safe yana ɗinki, da rana yana koyarwa. Kayan nan ma da aka riƙa ɗauka daga jikinsa ana kai wa marasa-lafiya, ƙyallen share gumi ne da walkin aiki.

Dandalin wasan nan shi ne inda aka yi hargitsin da ke cikin sura 19. Dimitiriyas maƙerin azurfa ya tara 'yan sana'arsa, ya fara da maganar ciniki da ke raguwa, ya ƙare da maganar addini, gari ya ruɗe, aka yi wajen sa'a 2 ana ihu, yawancin taron ma ba su san abin da ya tara su ba. Mu mutanen Kano ba sai an fassara mana wannan ba. Waɗanda suke nan cikin Oktoba 1991 suna tune da rayuka da dukiyar da aka rasa. Amma ku lura da abu biyu. Na fari, waɗansu manyan ƙasar, waɗanda ba masu-bi ba ne, abokan Bulus ne, su ne suka aika masa kada ya shiga taron. Na biyu, da magatakardan gari ya tashi kwantar da jama'a, ya shaida a gaban kowa mutanen nan ba su yi wa haikali fashi ba, ba su kuma zagi abin da garin yake bauta wa ba. Shekara 3 Bulus yana wa'azi a fili, har cinikin gumaka ya ragu, amma ba a kama shi da zagi ba. Mu da muke aiki kafaɗa da kafaɗa da Musulmi, waɗanda da yawa cikinsu sun ɓoye maƙwabtansu Kirista a ranar wahala, ya kamata mu tambayi kanmu: idan aka kira shugaban aikinmu ya ba da shaida a kanmu, zai iya faɗin abin da magatakardan Afisa ya faɗa?

Abin da ya kashe Afisa a hankali shi ne laka. Kogi ya yi ta cike tashar jiragenta, har yau teku ta yi nisan mil 3 ko fi daga kangon, ciniki ya koma wani wuri, mutane suka bi shi. Wanda ya zaga Bompai da Sharaɗa zai ga ɗan alamar wannan. Tun daga shekarun 1980 masana'antu da yawa suka rufe, musamman masaƙu, sabili da ƙarancin wutar lantarki da tsadar kayan aiki da kayan waje masu-araha. Waɗansu sun zama ɗakunan ajiya, waɗansu ciyawa ta rufe ƙofarsu. A cikin kowace ekklesiya tamu akwai dattijon da aka sallama, akwai gwauruwar da mijinta ya mutu yana jiran haƙƙinsa.

A nan ne tafiyar Bulus ta ƙarshe zuwa Urushalima take yi mana magana. Gaskiya ne ya yi marmarin birnin, har ya yi sauri don ya sami idin Fentikos a can, saboda haka ba mu ce marmarin ziyara laifi ne ba. Amma ku karanta Romawa 15 da 1 Korantiyawa 16 ku ga abin da ya ɗauka. Gudunmawa ce ya kai wa matalautan masu-bi, wadda ekklesiyoyin Makidoniya da Akaya suka tara, kowa yana ajiye abin da ya iya a ranar fari ta mako. Masu-ɗinki da bayi da 'yan ƙwadago ne suka tara ta. Don haka wanda yake shirin tafiya, bari ya zauna da dattawan ekklesiyarsa tukuna. Akwai bashi a kansa? Kuɗin makarantar 'ya'yansa ya biya? Idan yana da ma'aikata, ko direba ne ko mai-gadi ko 'yar aikin gida, ya ba su albashinsu cikakke? Ɗan'uwan nan da aka sallama daga aiki, wanda suke zama benci ɗaya, ya san ko an ɗora tukunya a gidansa jiya? Idan waɗannan sun daidaita, ya tafi da albarkarmu, ya komo ya koya mana. Idan ba su daidaita ba, ya dakata. Yesu da kansa ya gaya wa matar nan ta Samariya, Uba ba ya ɗaure sujadarsa ga wani dutse ko wani birni.

Saura wuri ɗaya, wanda masu-ziyara ba su cika zuwa ba. Taruwasa kango ne cikin itatuwa a bakin tekun Turkiya. A can ne, cikin sura 20, masu-bi suka taru a ranar fari ta mako don gutsura gurasa, da dare, a wani bene mai-fitilu da yawa. A zamanin nan Lahadi ranar aiki ce kamar kowace rana. Sai cikin shekara ta 321 ne Sarki Konstantin ya mai da ita ranar hutu. Saboda haka sai an tashi aiki ake taruwa. Wani saurayi, Aftikos, yana zaune a taga, barci ya kwashe shi, ya faɗo daga hawa na uku. Littafi bai faɗi sana'arsa ba, amma duk wanda ya taɓa yin aikin dare ya wuce sujada kai tsaye ya san irin wannan barci. Bulus bai tsauta masa ba. Ya katse wa'azinsa ya sauka, ya rungume shi, aka kai yaron gida da rai.

Muna da irin Aftikos da yawa. Akwai masana'antun da injinsu ba ya tsayawa ran Lahadi, mutum ya yi mako biyu ko uku bai sami sujadar safe ba, sa'annan a rubuta sunansa cikin masu-sanyin zuciya, ko mai-tsaron ƙofa ya taɓa shi da sanda a gaban jama'a don ya yi gyangyaɗi. Muna roƙon fastoci da dattawan ekklesiyoyin da ke kusa da Bompai da Sharaɗa da Challawa, su sa wannan magana cikin zamansu na watan nan. A rubuta sunayen masu-aikin dare da masu-aikin Lahadi, a tambaye su lokacin da suke da sarari, a shirya musu taron addu'a da Jibin Ubangiji a wannan lokaci, ko da a gidan ɗayansu ne, ko da mutum 6 ne kaɗai za su zo.